Kowa ya ce ya yi kyau amma ni na san bai yi kama da shi ba

Mai_Burushi:
Salam 'yan uwa. Mu huɗu ne muke haɗuwa duk Asabar a wani shago a Farin Gada nan Jos, mu haɗa kuɗi mu ba mutum ya zauna mu zana fuskarsa da fentin mai. Satin da ya wuce wani baba mai sayar da dankali muka samu, awa uku ya yi mana. To in na tura a guruf ɗinmu na WhatsApp kowa masha Allah ya yi kyau, alhali ni na san kamar ƙaninsa na zana ba shi ba. Ta ya zan samu wanda zai faɗa min gaskiya don Allah?

AntiZee:
Ƙanena tambayarka ce ke jawo maka. In ka ce "ya kuka gani" wa zai kushe ka, ai da kunya. Tambayi abu ɗaya tak, misali idon nan bai yi sama ba? Don masu koyo kusan duk nan suke faɗawa, su kai ido can goshi, alhali daga tsakar ka zuwa haɓa ido a tsakiya yake. Kuma ku yi gyaran tun baban na zaune, ku jera allunan a bango kowa ya duba na wani ga mutumin ga zanen, in ya tashi ya tafi da me za a gwada?

Dan_Gangare:
Gaskiyar Anti. Ni ban ma yarda da hoton waya ba, cinye kala yake musamman baƙar fata, wurin da ka sha wahala ka haɗa ja mai ƙasa-ƙasa da shuɗi duk sai ya fito baƙi ƙirin. Sannan awa uku fa malam, hasken taga ya juya, inuwar hanci ta ƙarfe tara ba ita ce ta sha biyu ba, kuma ba mai iya zama ƙyam haka, ku riƙa ba shi hutu duk minti 20 ku sa alli inda kujera da ƙafarsa suke. Ka kalli zanen ta madubi ma, karkacewar baki nan take za ka gan ta.

AntiZee:
Shi baban ka nuna masa kuwa?

Mai_Burushi:
Na nuna masa Anti 😂 ya daɗe yana kallo sannan ya ce "to ɗana, hular dai tawa ce". Asabar zan zo da madubi.