Na ƙara RAM zuwa 8GB amma kwamfutar 3 da ɗoriya kawai take gani

Abu_Fagge: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Laftof ɗina tokumbo ce, mai firosesa Core i5, na sa mata RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) 8GB amma tana nuna 3 da wani abu ne kawai ke aiki, kuma wasu manhajoji sai su ƙi shiga. Cuta ta aka yi ko me?

Injiniya_Zazzau: Wa alaikumus salam. Ba cuta ba ce malam, ina kyautata zaton Windows 32-bit aka ɗora maka, shi kuwa ba ya iya amfani da abin da ya wuce 4GB ko nawa ka zuba. Shiga Settings, System, About, ka duba System type, in ka ga 32-bit operating system, x64-based processor to firosesarka tana ɗaukar Windows 64-bit, sai dai ba a hayewa kai tsaye, dole ka kwashe fayilolinka a filas a goge kwamfutar a ɗora sabo.

Maman_Hanif: Gaskiya ne. Kuma ka lura Windows 11 ba shi da 32-bit kwata-kwata, sannan yana neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro ne a cikin kwamfuta), i5 ɗin ma sai ƙarni na 8 zuwa sama. Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa masa tun Oktoba 2025.

Sani_Maradi: Wajen sauke Windows ɗin ka zaɓi x64, kar ka ɗauko ARM64, wancan na masu firosesar Snapdragon ne ba zai tashi a taka ba.

Abu_Fagge: Na duba, x64 ce wallahi. Allah Ya saka da alheri, gobe zan nemo filas.