Gyaran da ya kai rabin kuɗin mota, a yi ko a rabu da ita?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Motata ƙirar 2004 ce, otomatik, ta ci kilomita 310,000 da ɗoriya, shekara tara kenan tana hannuna. Tun watan jiya giya ta fara zamewa, in na taka totur sai injin ya yi ta ihu motar ba ta ja, sai can ta fizga ta shiga, ga kuma ruwan lagireto da nake ƙarawa duk bayan kwana uku kuma ban ga inda yake zuba ba. Bakanike ya ce sai an sauke giyabos kuma yana zargin gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, da na haɗa lissafi gyaran zai cinye fiye da rabin abin da aka taya motar. Ƙanina ya ce wai ƙa'ida ce, duk gyaran da ya kai rabin kuɗin mota asara ne, a sayar kawai. Ni dai raina bai kwanta da maganar ba shi ya sa na kawo nan.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Wlh ƙaninka ya faɗa maka gsky, sayar da ita tun tana tashi. Yau giyabos ne gobe fam ne jibi shokozoba, mota in ta fara haka ba ta dainawa, kuma duk abin da ka zuba ranar sayarwa babu wanda zai biya ka shi, mai saye shekarar mota yake kallo ba rasit ɗin gyara ba.

Kawu Direba: Ɗana a yi a hankali. Wa ya kafa wannan ƙa'idar ta rabi? Ni shekara talatin da wani abu ina riƙe sitiyari ban taɓa ganin ta a littafin wata mota ba. Kuɗin da dillali ya taya ai farashin rabuwa ne, ba shi ne amfanin da motar take yi wa mai ita ba. Kuma ku tambaye shi, in ya sayar me zai saya? Sabuwa dal daga kamfani? In ba haka ba ta hannu zai ɗauko wadda bai san ciwonta ba, tsugune ba ta ƙare ba kenan, an sayar da kare an sayi biri.

Baban Ummi: Kawu sabuwa kam ba ta cikin lissafi, ta hannu ce dai wadda ta ɗan fi wannan ƙuruciya, kuma sai na ciko kuɗi masu yawa.

Abu Sadik: To nan ne gizo ke saƙar. Ni aikina lissafi ne kuma abin da ke damuna da maganar rabi shi ne tana auna gyara da abin da bai kamata a auna shi da shi ba. Mota tana tsufa kuɗinta na faɗuwa, amma kuɗin giyabos da ladan mai gyara ba sa faɗuwa tare da ita, kenan duk motar da ta daɗe wata rana ko tayoyi huɗu da batir ka canza za su kusa rabin kuɗinta, shin sai a jefar da mota saboda taya? Abin da ya kamata ka auna abu biyu ne. Kuɗin gyaran nan ka raba shi da yawan watannin da kake sa ran motar za ta yi maka aiki bayan gyara. Sannan cikon da za ka yi ka sayi wata, ka haɗa da canjin takardu da inshora da gyaran farko da ba ka tsallake shi a motar hannu, ka cire darajar da za ta saura mata ranar da za ka rabu da ita, shi ma ka raba da watanni. Wanda ya fi sauƙi a wata shi ne amsarka. Sau da yawa gyara ne ke cin wannan lissafin, domin tsohuwar mota ta gama faɗuwar darajarta, wadda za ka saya kuwa yanzu take kan gangara.

Ɗan Auta: Malam Abu lissafin ya yi kyau a takarda amma ta ina zai san watanni nawa za ta yi? Ai duk rigimar a nan take. In ya ce shekara uku ta yi wata biyar fa?

Abu Sadik: Wannan tambaya ce mai kyau kuma ba ni zan amsa ta ba, aikin masu sifana ne.

Mai Gareji: Salam. Na karanta tun daga sama. Baban Ummi kafin a yi maganar sayarwa ko gyara, ni abin da ban ji ba shi ne gwajin da aka yi. "Yana zargi" ba bincike ba ne. Motar 2004 tana da wurin jona kwamfuta a ƙarƙashin dashbod, wanda ake kira OBD-II, tun 1996 aka wajabta shi a kan motocin da ake sayarwa a Amurka, to a fara jona ta a karanta lambobin matsala. Giya mai zamewa ba kullum ba ne giyabos ya mutu, wani lokaci man giya ne ya yi ƙasa, wani lokaci solonoyid ɗaya ne ko sensa. Ka zaro ma'aunin man giyar in tana da shi ka goga a farin ƙyalle, in ja ne garau da sauran fata, in ya koma baƙi yana warin ƙuna ko ka ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli to faifan ciki sun cinye, wannan kam sai an sauke. Batun ruwa kuma, da safe kafin ka tayar ka buɗe murfin baƙin mai ka duba, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri kamar madara ta haɗu da mai, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai yawa ko bayan injin ya ɗau zafi, ko ruwan lagireto na tafasa ƙwal-ƙwal da kumfa tun injin bai yi zafi ba, gaskit ne. Amma ruwa yana iya bi ta famfon ruwan inji ko tiyo ya ɗiga kan injin mai zafi ya ƙone ba ka gani a ƙasa ba, wannan gyaran yini ɗaya ne. Kada ka buɗe murfin lagireto injin na da zafi don Allah, na ga wanda ya rasa fatar hannu a haka.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri Oga. Gsky ba a jona kwamfuta ba, tuƙawa kawai ya yi ya zagayo ya ce giyabos ne. Hayaƙi fari kuma ina gani da safe amma yana ɗaukewa bayan minti kaɗan.

Mai Gareji: Wanda ke ɗaukewa yawanci raɓa ce da ta kwana a salansa, ba laifi ba ne. Sai ka sa a yi gwajin kwamfireshan, a cire fulogogi a auna ƙarfin matsin kowace silinda. In duk sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kamar kashi 10 cikin ɗari ba, injin na da sauran rai sosai. In biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gaskit ya fashe a tsakaninsu. In ɗaya ta faɗi sai a ɗiga mai kaɗan ta ramin fulogi a sake aunawa, in ta tashi ringi ne ya cinye, in ba ta motsa ba bawul ne ko gaskit. Wannan gwajin bai kai awa ɗaya ba kuma shi ne zai ba Malam Abu adadin watannin da yake nema.

Maman Hanif: Ku yi haƙuri in shigo, duk kuna ta maganar kuɗi da inji babu wanda ya tambayi su wa ake ɗauka a motar. Baban Ummi da yara yake yawo. Ni na riƙe tsohuwar motata shekara goma sha ɗaya ina cewa ai na san halinta, ranar da ta mutu min da daddare a kan babbar hanya ana ruwa, yara biyu a baya ƙaramar tana kuka, manyan motoci na wucewa suna girgiza mu, na kunna fitilar haɗari ita ma ta yi minti kaɗan ta dushe saboda batir ya sauka, awa biyu muna jiran janwe. Wlh a daren na gama yanke shawara, kuma babu lissafin wata-wata da zai saka wannan daren a ciki. Sannan motocin baya-bayan nan sun fi kare rai, wannan ba ra'ayi ba ne. Na'urar nan da ke hana mota juyawa in ta zame, ESC, sai daga ƙirar 2012 ta zama dole a Amurka, a Tarayyar Turai kuma 2014 ga duk sabuwar mota, motar 2004 da yawa ba su da ita, da yawa kuma ba su da jakar iska ta gefe. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka mai gwajin karon motoci ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 karo gaba da gaba, tsohuwar da ake cewa ƙarfe ce zalla ita ce ta murƙushe har wurin direba.

Kawu Direba: Hajiya Allah ya ƙara tsarewa, abin da ya same ki ba ƙarami ba ne kuma ban raina shi ba. Amma 2004 ba 1959 ba ce, motarsa tana da bel da jakar iska ta gaba, wataƙila da birkin ABS mai hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi. Kuma abin da ya tsayar da ke a hanya, in batir ne ya sauka fitila ta dushe, alama ce ta caji, altaneto ko bel ɗinsa, wannan motar shekara biyar ma yana yi mata. Abin da ke kashe mota rashin kula ne. Akwai wani malamin makaranta a Amurka, Irv Gordon, ya sayi Volvo P1800 a 1966 ya tuƙa ta fiye da mil miliyan 3 har ya shiga kundin Guinness, an sauke injin an sake ɗaure shi a cikin shekarun amma motar ita ce dai, sirrinsa juye a kan lokaci da canza abu kafin ya mutu.

Maman Hanif: Kawu mutum ɗaya ne fa a duniya shi ya sa ya shiga kundi. Kuma na yarda caji ne, amma shi ne karo na huɗu a shekarar, kowane karo abu daban, kuma kowane karo sai in ce ai na riga na kashe mata da yawa bari in ƙarasa.

Abu Sadik: Wannan kalmar ta ƙarshe Hajiya ita ce tarkon da ya fi kama mutane, kuma a nan ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Abin da aka kashe bara ya tafi, ko ka gyara ko ka sayar ba zai dawo ba, bai kamata ya shiga lissafin gobe ba. Amfaninsa ɗaya ne, yana nuna maka waɗanne kaya ne sababbi a jikin motar. Baban Ummi ka ɗauko duk abin da ka kashe a wata 24 da suka wuce ka ware sabis na yau da kullum gefe, juye da birki da taya kowace mota na ci, ka duba sauran, in yana hawa shekara bayan shekara kuma a wurare daban-daban to maganar Ɗan Auta ta fara yin ƙarfi. Ka kuma saka ranakun da ka rasa aiki tana gareji, su ma kuɗi ne.

Ɗan Auta: Yauwa, ni dama abin da nake nufi kenan, rabi ɗin ba wai aya ba ce, alama ce ta ka tsaya ka yi tunani.

Mai Gareji: In alama ce ta tsayawa na yarda, in hukunci ne ban yarda ba. Ni da nake cin abinci da gyara akwai motar da nake cewa mai ita kar ya kashe ko sisi, kuma ba inji ne ke sa ni faɗin haka ba. Inji ana canzawa, giyabos ana canzawa, shasi ne ba a canzawa. A ɗaga motar a shiga ƙarƙashi da fitila da sukudireba, a caka wurin da ƙafafu ke ɗaure da jiki, da dogayen ƙarafan gefe ƙarƙashin ƙofofi, da bututun man birki. Tsatsar sama da ke goguwa ba komai, amma in sukudireba ya shige ko ƙarfe na ɓarewa kamar ɓawo, ko ka ga tsohon walda a wurin da aka taɓa yin babban haɗari aka miƙe, to ko gyaran kashi goma ne na kuɗinta a rabu da ita, domin ranar karo wannan ƙarfen ne zai riƙe ɗakin da yaran da Hajiya ke magana a kai suke zaune. Kuma in za a sayar a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke ƙasa. Na biyu kayan gyara, in kayanta sun fara wuyar samu kana jiran abu ɗaya sati uku, ita ma ta kusa. In kuma ka tashi sayen wata, duk gwajin nan da na lissafa ita ma a yi mata kafin ka biya, har da tambayar yaushe aka canza taimin bel in mai bel ce, don a injuna da yawa in ya tsinke fistin na dukan bawul, kuma kar ka yarda da lambar kilomita da ke dashbod kawai, ana mayar da ita baya, ka dubi cinyewar feda da sitiyari da kujerar direba.

Maman Hanif: In ƙasan lafiya ne kuma ya gyara, don Allah Baban Ummi a haɗa da birki da tayoyi da bel ɗin kujerun baya a duba su duka lokaci ɗaya. In kuma canzawa za ka yi kar ka ɗauki wadda ba ta da ESC, in ba haka ba ba ka ƙaru da komai ba ta ɓangaren da nake magana.

Baban Ummi: In sha Allah Hajiya. Yanzu na fita na goga man giyar a ƙyalle, ja ne mai ɗan duhu, babu warin ƙuna, amma yana ƙasa da layi sosai, kuma na ga jiƙa a jikin wani siririn bututu da ya fito daga giyabos ya nufi lagireto. Murfin baƙin mai kuma tsaf yake babu farin nan.

Mai Gareji: Bututun sanyaya man giya ne wannan, yana yawan yoyo a bakin maɗaurinsa. Kar ka ƙara tuƙa ta da nisa a haka, kuma man da littafin motar ya ce shi za a zuba, ba kowane ja ba. Amma ka sa a duba ko ruwa da man giya sun haɗu a cikin lagireto, tunda ruwanka ma yana raguwa, in sun haɗu man zai koma kamar ruwan hoda mai kauri, wannan kuma wata magana ce. Gobe a fara da kwamfuta, sai kwamfireshan, sai a ɗaga ta, ka turo mana lambobin silinda huɗun da hoton ƙasan.

Baban Ummi: Toh Oga, da safe zan sa a ja ta zuwa wani garejin mai na'ura, zan turo duk abin da aka gani. Ngd ƙwarai jama'a.