Mikisar masallaci: analog ko dijital?

Abu Hafsa: Assalamu alaikum. Kwamitin masallacinmu a Unguwar Rogo ya ɗora min sayen mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirfo ta tura wa lasifika, kafin azumi. Makirfo uku gare mu, kuma muna so mu riƙa naɗar tafsiri muna turawa a WhatsApp. Dubu 250 aka tara. Analog zan ɗauka ko dijital?

Ɗan Dilimi: Wa alaikumus salam. Ku ƙaro lasifika huɗu, magana ta ƙare.

Abu Hafsa: Lasifika muna da su, Alhaji.

Malamin Lantarki: Muryar malam igiyar sauti ce mai tafiya ba yankewa. Makirfo na mayar da ita lantarki mai hawa da sauka daidai da muryar, wannan shi ne analog. Dijital kuwa auna igiyar yake yi yana rubuta lamba, a faifan CD sau 44,100 cikin daƙiƙa ɗaya. Shi ya sa ko sau ɗari aka kwafa ba ta dusashewa kamar kaset. Makirfo uku dai, analog mai kafar USB ta ishe ku, kwamfuta ta naɗa.

Baban Sadik: Ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah ka bar dijital. Mu a Farin Gada dubu 600 muka zuba. Ruwan farko na damina aka yi tsawa, ta mutu murus. Mai gyara ya buɗe, ya ce allon ciki ne, sai an aiko daga Legas. Ya karɓi dubu 80, wata biyar ina sintiri, ƙarshe ya daina ɗaukar wayata. Ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba. Ni na kawo shawarar, sai aka fara cewa na ci wani abu a ciki. Har yau akwai dattijon da ba ya amsa sallamata. Tsohuwar analog ɗin da muka jefa a sito ita ta kai mu salla.

Malamin Lantarki: Allah ya mayar da alheri. Amma tsawa ba ruwanta da analog ko dijital, wayar ƙasa ce, mai zubar da rarar wuta cikin ƙasa, ba ku binne ba. Gurnanin "huuum" da ake ji a lasifika ma sau da yawa daga nan yake, wutarmu ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa.

Baban Sadik: Malam, karatun aji daban, asara daban. Ka taɓa tsayawa gaban kwamiti?

Ɗan Dilimi: Dubu 600? An yanke ku. Akwai ta 180.

Maman Ilham: Maigidana ya tambaya watan jiya, 320 aka ce masa, ba ragi.

Ɗan Dilimi: Hajiya, ta hannu nake nufi.

Auta: Ku ari ladaninmu. In ya ɗaga murya har Bukur ana ji, ko makirfo ba ya nema 😂

Maman Ilham: Ni fa dijital ɗin nan tun 2016 da aka fara sauya talabijin a Jos nake fama da shi. Da, ko da dishi-dishi muna ganin labarai. Yanzu sigina na raguwa kaɗan sai hoto ya daskare, ko ya ɗauke ɗungurungum.

Auta: Wallahi Anti, mu sai an tura yaro ya juya eriya.

Baban Sadik: Ka ji ko, Malam? Wannan ma wayar ƙasa ce?

Abu Hafsa: Jama'a, mai USB ɗin nawa take? Asabar zan shiga kasuwa.