Kun taɓa raina mutum saboda yadda ya bar motarsa?

Mai E36 Kore, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar muna zaune wajen mai shayi bayan la'asar, motocinmu a jere, sai ga wani bawan Allah ya shigo da BMW mai ƙofa biyu irin tawa. Rana ta cinye fentin rufi da na banet, bambar gaba an ɗaure ta da waya, fitilar hagu ta yi hazo. Kafin ya kashe ta har an fara ƙus-ƙus. Wani cikinmu ya ɗaga murya ya ce, "Wannan akwalar kuma daga ina?" Mutumin ya ji sarai. Ya ba kowa hannu, bai ko zauna ba ya ja abarsa ya tafi. Tun ranar ake gardama, wasu na cewa gaskiya aka faɗa masa, wasu na cewa an yi masa wulaƙanci. Ba fatawa nake nema ba. Wanda ya taɓa yi wa wani, ko aka yi masa, ya ba mu labari.

Ogan Gareji, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ni tun ina yaron gareji nake kwance ƙarƙashin motocin Jamus, don haka fenti ba ya burge ni, banet nake buɗewa. Akwai wani alhaji ƙarami da ke kawo min BMW 328i baƙa wuluk, kullum a wanke, an shafa mata mai tana ɗaukar ido, rim kuwa na kece raini. Da na buɗe banet na ga wani ya riga ya cire mata tamostat, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga kunna mota, lagireto cike da ruwan rijiya ya yi ja da tsatsa. Fitilar gargaɗin inji da ke kan allo kuma an manna mata baƙin salatif don kada ta dame shi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan motar wajen sanyaya inji take da rauni. Wuyan lagireto roba ne, fuka-fukan famfon ruwa ma a da yawa daga cikinsu roba ne, in suka tsufa karyewa suke ba sallama. Kan injin kuma alminiyom ne, zafi ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa shi." Ya ce a bari sai wani watan, yanzu zai sa mata sababbin lasifikoki. Da azumi, rana tsaka, janwe ya kawo min ita daga hanyar Zariya, ruwa ya haɗe da baƙin mai ya koma kalar koko.

A gefe guda ina da wani malamin makaranta mai irinta sak. In ka ga bodin za ka rantse daga bola aka tsinto ta. Amma juye ba ya wuce lokacinsa, ya canja man birki, duk robobin ruwa sababbi ne, rasit ɗin kowane kaya yana cikin wata jakar leda a aljihun gaba. Fenti ya ce sai ya gama biyan kuɗin makarantar yara. Ku da kuka yi wa mutumin nan dariya, akwai wanda ya ce ya buɗe banet a gani?

Mai Challenger, Abuja:
Oga, na ji, amma ni fa ina rainawa, kuma ba na ɓoyewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mutum ya tsallake Corolla ya ɗauko mota mai silinda takwas, sannan ya zo yana kukan tsadar taya? Bara mun yi ayari zuwa ɗaurin aure, muna kan hanyar Kefi, wani mai Camaro yana gabana. Tayarsa ta baya ta fashe, motar ta yi juyi ta tsaya tana kallona, Allah ne kawai ya sa na bar tazara. Da muka fito na duƙa na duba lambar da ke jikin tayar, lambobi huɗun ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. 2014 na gani. Gwanjo ce ya saya, an shafe ta da man ƙyalli ta yi baƙi kamar sabuwa. Da iyalina a motar ranar. A gaban kowa na ce masa in ba zai iya sayen taya ba ya sayar da motar, har yau ba ya gaishe ni, kuma ko a jikina.

Ogan Gareji, Ƙofar Ruwa:
A kan taya da birki ina bayanka, yallaɓai. Wannan ran wasu ne. Amma ka lura, da kanka ka ce tayar Camaro ɗin tana ƙyalli.

Hajiya Mai 350Z, Gwarimpa:
Ni abin da ake yi min iri biyu ne. In motar tana da tsabta, a ce ta maigida ce na aro. In ta yi ƙura, a ce ai dama mace ba ta san darajar mota ba. Wanda ya zauna a Arewa lokacin hunturu ya san ko da asuba ka wanke mota, kafin azahar yara sun rubuta sunansu da yatsa a gilashin baya. Leɓen bambar gaba kuma duk ya goge, don motar ƙasa take ƙwarai, tudun rage gudun da ake ginawa a layukanmu kuwa kowa da irin nasa tsayin. Ko a karkace na hau sai ta karta.

Amma wanda ya fi min ciwo lokacin da ta kwanta ne. Kulocinta ya mutu daidai sanda dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da na ware ya koma bai kai rabi ba. An kawo min na gwanjo daga kasuwar kayan mota ta Apo, na ƙi, don ba na son a sauke giya sau biyu. Na lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida na koma hawan ƙaramar motar ofis. To a nan na ga halin 'yan uwa masu motocin gudu. Babu wanda ya kira ya ce Hajiya me ya same ta, sai masu aiko dillalai da tayin kuɗin da ko tayoyinta bai saya ba, wai ai tunda na kasa a ba masu iyawa. Ɗaya daga cikinsu, na ji daga baya, shi ke yaɗa cewa injin ya buga don ya karya farashin. Tana kan titi yanzu, alhamdu lillahi, kuma na daina zuwa taronsu.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, mu nan abin ya haɗa da iyaka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe hanyar Binin, kayan da muka saba samu ta Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina, ko ka aika Kano ka jira. Toyota Celica ɗina ta yi zaman jiran kayan ƙafa har kaji suka mayar da ƙarƙashinta gida. Masu wucewa suna ta cewa na yi sakaci. Na bar su, don ba zan tsaya bakin titi ina yi wa kowa bayanin siyasar ECOWAS ba.

Mai RX-8, Kaduna:
Nawa laifin daban ne, wai na ci amanar mota. Wanda bai sani ba, Mazda RX-8 ba ta da fistan, injinta mai juyawa ne, kuma da gangan aka yi shi yana shan baƙin mai kaɗan-kaɗan, dole kana dubawa kana ƙarawa. Wanda na saya a hannunsa bai san haka ba, bakanikensa ma bai sani ba, suka yi ta tafiya har injin ya daina riƙe iska. In ta yi zafi ka kashe, sai ka nemi inuwa ka zauna kafin ta yarda ta tashi. Na zaga Panteka ban sami wanda zan amince ya buɗe wannan injin ba, Mazda kuma ta daina ƙera motar tun 2012. Sai na sa mata injin Toyota. Ranar da na buɗe banet a wajen taro wani yaro da bai taɓa sayen ko filogi da kuɗinsa ba ya kama kai yana salati, wai na kashe ruhin motar. Na ce masa ruhin na can bayan gareji a kan tsohuwar taya, in yana so ya zo da kuɗi ya ɗauka. Ni dai kullum ita ke kai ni aiki.

Mai Challenger, Abuja:
Wannan ba sakaci ba ne, gyara ne. Amma in za ka sayar ka faɗa wa mai saye abin da ke ciki. Waɗanda nake ƙi su ne masu kawo motar da ruwa ya ci a Amurka, a shanya kujeru, a fesa turare, a ce 'yar gida ce mace ke hawa.

Magajin SL, Zariya:
Tun ɗazu nake karantawa ina tunanin ko in yi magana. In kun taɓa bi ta wani layi a Zariya kun ga Marsandi SL mai buɗaɗɗen rufi, ta farkon shekarun 1990, tayoyi a sace, ganyen darbejiya ya cika gindin gilashi, to wataƙila tamu ce. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Tun rasuwarsa ba a raba gado ba, mu sama da goma ne, ɗakuna uku. Ni kaɗai ne mai son mota a gidan, amma in na sa kuɗina na gyara za a ce na mallake, in na ce a sayar yayyena mata su ce ba za a sayar da abin da Baba ya fi so ba. An taɓa ɗaukar hotonta aka yaɗa, mutane suna ta tsinuwa, wai wanda ya bar irin wannan mota ta ruɓe bai cancanci ko keke ba. Na ga hoton a wayar abokina, na gane ƙofar gidanmu a bayanta. Ɓeraye sun shiga sun ci kujerar direba, rufin ma tun Baba na da rai yake ɗigar da mai. Duk sanda na je gaida Hajiyarmu nakan share ganyen in gyara tamfol, iyakar abin da ke hannuna ke nan. Yanzu dai babban wanmu ya ce bayan Sallah za a kira malamai a zauna, ina fatan ta faɗo a rabona ko in fanshe ta.

Hajiya Mai 350Z, Gwarimpa:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa a rabu lafiya.

Ogan Gareji, Ƙofar Ruwa:
Amin. Malam, in Allah ya sa ta zo hannunka, don Allah kada ka bari wani ya kawo batir ya ce bari a gwada a ji ko za ta tashi. Fetur ɗin da ya shekara da shekaru a tanki ya riga ya lalace, in famfo ya tura shi gaba ka jawo wa kanka sabon aiki. A zubar da shi, a wanke tankin, a yi juye, a cire filogi a ɗiga mai a ramukan, a juya injin da hannu tukuna. Sannan ka sa mai wayarin ya duba wayoyin kan inji da kyau, don Marsandi na waɗannan shekarun rigar wayarsu marmashewa take ko ɓera bai taɓa ba, in tsirara biyu suka haɗu kwamfutar motar ce za ta tafi. Man da rufin ke ɗigarwa robobin cikin silindojinsa ne suka tsufa, ana gyarawa, ba gaggawa. Tayoyin kuma ko sun sha iska sun tashi, da janwe za a ɗauko ta. In ka je gida ka ɗauko min hoton ƙarƙashin banet da lambar bodi, in faɗa maka abin da za ka fara tarawa.