Wane suna za mu raɗa wa mangrove da Hausa?

1/ Jama'a, ina neman taimako. Ina shirya wa ɗalibaina darasi kan Gini Bisau, sai kalmar mangrove, sunan wani itacen gaɓar teku da Turanci, ta tsaya mini a wuya. Na tambayi dattawa biyu, kowa ya ce bai san ta ba. Ba laifinsu ba ne, Bahaushe bai yi iyaka da teku ba.

2/ Ƙasar ƙarama ce, tsakanin Senigal da Gini Konakiri, faɗinta wajen murabba'in kilomita 36,000, kuma shimfiɗe take kamar faifai. Sau biyu a yini teku kan ciko ya kutsa cikin kogunan Kasheu da Geba, ya yi nisa a cikin ƙasa, sannan ya janye ya bar taɓo. A wannan taɓon mai gishiri, inda kuka ko ɗorawa ba za su kai labari ba, nan itacen yake tsirowa.

3/ Iri biyu aka fi gani. Na farko saiwoyinsa daga jikin kututture da rassa suke fitowa, su lanƙwasa su kafe a taɓo, sai ka ga itace tsaye kan ƙafafu kamar gizo-gizo. Ɗansa tun yana jikin uwa yake tsira, dogo kamar kuɓewa, in ya faɗo ya soke a laka ko ruwa ya tafi da shi wata gaɓar. Ɓawonsa ja ne, ana jima da shi yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. Na biyun kuwa saiwoyinsa sama suke leƙowa daga ƙasa, cirko-cirko kamar tsinken tsire, ta nan yake shaƙar iska. Gishirin da ya sha ta ganye yake fitar da shi, ka lasa ka ji.

4/ Wani ya ce a kira shi dajin fadama. Ban yarda ba. Fadama ruwan daɗi gare ta, da ka faɗe ta yaro zai hango rake da tumatir. Wata malama ta ce mu ara kawai mu ce mangurob. Da ba mu da abin kwatance, da na bi ta, amma muna da shi.

5/ Sunan da ya fi burge ni shi ne ceɗiyar teku. Duk wanda ya zauna ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gida ya san yadda take sako jijiyoyi daga sama. Kuma haka muka saba suna: raƙumin dawa ba raƙumi ba ne, gwandar daji ba gwandar gida ba ce, amma kowa ya gane. Masana tsirrai za su ce ba dangi ɗaya ba ne. Mun ji, jakin dawa ma ba ya ɗaukar mangala.

6/ Sai dai Bature da kalma ɗaya yake kiran itacen da kuma dajin, mu kuwa gara mu raba. Dajin ne ma ya fi muhimmanci a darasin. A cikinsa kifi da jatan lande da ƙaguwa ke hayayyafa, akwai kada, akwai ayu, shi dai ayun da Sarkawa suka sani a Kwara da Binuwai. A tsibiran Bijagos, su 88, dorinar tsibirin Orango har ruwan teku take shiga. Manoman ƙabilar Balanta kuma sukan datse wani yanki da ganuwar laka, ruwan damina ya wanke gishirin, su dasa shinkafa. Wuri irin wannan mai duhuwa da sarƙaƙiya kurmi muke ce masa.

7/ To ga inda na tsaya: itacen, ceɗiyar teku. Dajin, kurmin gishiri. Na gwada a jimla: "Kurmin gishiri mafi girma a Afirka yana Neja Delta." Ta zauna a baki.

8/ Saura mai saiwa kamar tsinke, don shi bai yi kama da ceɗiya ba ko kaɗan. 'Yan'uwa mazauna Fatakwal da Kalaba da Duwala, ku da kuke ganinsa kullum, me kuke ce masa?