Yaya likita yake gane cutar Parkinson?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum malamaina. Idan dattijo ya zo asibiti hannunsa na karkarwa, me ake dubawa kafin a ce Parkinson ce? Akwai gwajin jini da ke nuna ta?

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Wa alaikumus salam 'yata. A asibiti babu gwajin jinin da ke tabbatar da ita, da ido da hannu ake gane ta. Sharaɗin farko shi ne jinkirin motsi, sannan a samu ɗayan biyu: karkarwa lokacin da hannu ke ajiye, ko sandarewar gaɓoɓi.

Ki sa shi ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri, yana buɗe su sosai, kamar sau 10. Ki lura: a Parkinson buɗewar tana ƙanƙancewa, saurin yana raguwa. Karkarwar kuma tana bugawa sau 4 zuwa 6 a daƙiƙa, kamar mai jan carbi, kuma tana lafawa idan ya miƙa hannu zai ɗauki abu. Ki sa shi tafiya, za ki ga hannu ɗaya ba ya lilo, domin yawanci ta ɓari ɗaya take farawa. Ki tambayi iyalinsa ko ya daina jin ƙamshi, ko yana fama da taurin bayan gida, ko yana kai naushi cikin barci.

Mai Harhaɗa Magani:
Likita, a ƙara da duba ledar magungunansa. Metoclopramide na amai, da haloperidol da chlorpromazine na taɓin hankali, duk suna toshe aikin dopamine, sinadarin ƙwaƙwalwa da ke daidaita motsi, su kawo irin waɗannan alamu, galibi a ɓangarorin jiki biyu lokaci guda. Abin takaici ne a ɗora wa mutum cutar da magani ne ya jawo masa.

Likitan Ƙwaƙwalwa:
Haka ne, Malam. Idan kuma karkarwar sai ya ɗaga kofin shayi take tashi, wata cuta ce daban, mai bin dangi. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI ana yin sa ne don a kore shanyewar ɓarin jiki ko taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Wanda bai kai shekara 40 ba a yi masa gwajin cutar Wilson, wato taruwar sinadarin jan ƙarfe a jiki, wadda ita ma ke kawo karkarwa.

Sai a fara levodopa, babban maganin Parkinson, a gani. Samun sauƙi a fili yana ƙarfafa zato. Amma yawan faɗuwa tun cikin shekara 3 na farko, ko kasa kallon ƙasa da ido, ko jiri mai tsanani in ya miƙe tsaye, alama ce a sake bincike, mai yiwuwa ba Parkinson ba ce.