Ina za mu kai yara yawon ganin dabbobi kusa da Kumasi?

Uwar Biyu (Aboabo):
Salamu alaikum ƴan uwa. Hutun makaranta ya zo, yara sun dame ni sai sun ga namun daji, gidan zu na kusa da Kejetia kuma mun je har sau uku. Ina ne za a je a dawo rana ɗaya ba a kashe kuɗi sosai ba?

Ɗan Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku gwada dajin Bobiri, ta Kubease a hanyar Accra. Malam-buɗe-littafi kala-kala ne a wurin, ɗaya ya sauka a hannun ƙaramar ƴata ta yi tsit kamar ba ita ba. Amma daga bakin titi zuwa cikin dajin akwai ɗan tafiya, ku shirya da mai taksi tun a Kubease.

Inna ta Sabon Zongo:
Ni dai Boabeng-Fiema ne ya burge ni wallahi, can wajen Nkoranza. Birai suna shigowa har cikin gari, mutanen wurin ba sa taɓa su, in ɗaya ya mutu ma binne shi suke yi, akwai maƙabartarsu. Sai dai fa da nisa ƴar uwa, in ba ku fita bayan asuba ba dare zai same ku a hanya. Ku haɗu gida uku ku ɗauki motar haya ta torotoro ɗaya, ku dafa waakye (shinkafa da wake) daga gida, shi ne sauƙin.

Uwar Biyu (Aboabo):
Na gode Inna, Allah ya saka. Bobiri za mu fara ranar Asabar in sha Allahu.